Muryar da Na Ɓoye a Gindin Turmi

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai tarin yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kin sauka lafiya, kin kuma fara sabawa da ruwan Rijiyar Zaki da hayaniyar motocinta. Allah ya tsare mini ke a fitarki da shigarki, ya raba ki da sharrin hanya da na mugun aboki, ya buɗe miki kai a kan karatun da ya kai ki. Ki gaishe mini da Gwaggonki Asabe, ki ce mata na gode da ɗakin da ta ba ki, Allah ya bar zumunci. Babanki yana gaishe ki. Wai shi tafiyarki ba ta dame shi ba, amma tun ranar da motar Bici ta ɗauke ki, ba ya dawowa daga gona bai tambaya ko kin bugo waya ba, sannan ya ƙara da cewa shi ba don komai ya tambaya ba.

Kada ki yi mamakin tsintar takarda a bakin buhun geron nan. Kin san yadda muryata ta koma. In na kira ki a waya, rabin hirar "Inna, me kika ce?" ce, sauran rabin kuma tari nake yi. Abin da nake so in faɗa miki kuwa ba na a yi ta maimaitawa ba ne. Shi ya sa na ari biron Babanki na zauna a gindin ɗorawa. Ki yi haƙuri da rubutun, na ajin manya ne, kin san a majami'a na koye shi da goyo a bayana.

Labarin gida ba zan ba ki ba, awaki suna nan yadda kika bar su, ba su ƙara hankali ba. Magana ɗaya ce ta hana ni sakat, kuma kamata ya yi in yi miki ita kafin ki tafi. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni ko ranar tafiyar ma ban fafe ba, sai da kika yi nisa nake biyo ki da shi.

Kin tuna Lahadin da aka yi miki addu'ar sallama. Maman Fasto ta miƙe ta ce, "Rahila, tunda gobe za ki bar mu, taso ki ba mu waƙa ɗaya mu amsa miki." Sai kika sunkuyar da kai, kika kama bakin gyalenki kina murzawa, kika ce, "Mama, a ba wata, ni ban shirya ba." Jama'a suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Wata daga bayana ta ce, "Ai 'yar Saratu ce, kunya a jini take." Yabo take nufi. Ni kuwa da tulun kiɗa a tsakanin gwiwoyina, sai na zuba miki ido. Na san wannan sunkuyon, na san murzar gyalen nan, har kalmomin na sani, domin nawa ne. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ba wanda ya gaya mini cewa in barewar ta laɓe, ɗan ma laɓewa zai koya.

Ina jin ki in kina wanki a bakin rijiya kina tsammani ba kowa. Muryar da ke bakinki ita ce tawa ta da, har ta ɗara. Ke kin taso kin same ni ina ba da waƙa a gaban jama'a, kina zaton haka aka haife ni. Ba haka ba ne, kuma yau zan gaya miki yadda aka yi.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan ina amarya, majami'armu ta laka ce, 'yar ƙarama, duk wanda ke ciki kuma dangi ne. Maza a gefe ɗaya, mata a ɗaya gefen, dattawa a gaba bisa benci suna fuskantar jama'a. A tsakiyar dattawan nan kakanki yake zama, wato surukina, wanda har yau hannuna ba zai iya rubuta sunansa ba. Kina goye ya rasu, ba ki san shi ba. Dogo ne, mai magana a hankali, da hannunsa aka kwaɓa ƙasar da aka gina majami'ar. Na yi masa kunya irin wadda ake yi: ba na cin abinci inda zai gan ni, in na hango shi a hanyar rijiya sai in ratse cikin gero in durƙusa, ko wani yaro ne mai sunansa sai dai in laƙaba masa wani.

Mai ba da waƙa a lokacin ita ce Iya Kande, maƙwabciyarmu. Ita kam kin tuna ta, guntuwar tsohuwar nan mai jan haƙori da ke ba ki aya. Waƙoƙin matanmu ba a rubuce suke ba. Iya ce ta ɗauko muryoyin waƙoƙin niƙa da na gayya irin na iyayenmu, ta zuba musu maganar Allah. Ita kaɗai ke riƙe da baitocin a kanta, sauran mata amshi kawai suka sani. In ba mai bayarwa, ko mata sun cika ɗaki, shiru za ki ji.

Ni kuma ina da wata ɗabi'a, ba na iya daka ban yi waƙa ba. Ina ganin danga ta rufa mini asiri. Gidajenmu kuwa kin san su, kamar gonakinmu suke, inda na wannan ya ƙare nan na wancan ya fara. Wata safiya ina surfe, sai na ga kara ya buɗe, kan Iya Kande ya leƙo.

Ta ce, "Ke amarya, wa ya ba ki izinin binne wannan a gindin turmi?"

Na saki taɓarya na durƙusa na ce, "Ina kwana, Iya."

Ta ce, "Bar ina kwanan nan. Ran Lahadi ki tashi ki ba da waƙa, ni ma in huta. Ƙirjina ya fara gajiya."

Na ce, "Haba Iya, a gaban Baba? In wage baki yana kallona?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Allahn da ya ba ki muryar, bai san kina da suruki ba ne?"

Na yi dariya, na ce a yi mini haƙuri. Labari ya zaga cewa an ce amaryar gidan nan ta yi waƙa ta ƙi saboda surukinta. Tsofaffi suka yi ta sa mini albarka, wai an samo 'yar mutunci. Ba zan ɓoye miki ba, yabon ya yi mini daɗi, na sha shi kamar fura da nono. Nan ne kuskurena na fari. Ba na ce miki ki yar da kunya ba, Rahila, ranar da kika yar da ita ni zan fara zuwa da tsumagiya. Ki gaida manya a durƙushe, ki kama bakinki, ki rufe jikinki. Amma ki lura da kyau, in aka kira ki aikin Ubangiji kika ƙi, sannan mutane suka yaba miki a kan ƙin, to ki ji tsoron yabon nan. Shi ya ɗaure ni fiye da igiya.

Ashe Iya ba ta bar maganar ba, ta kai ta wurin kakanki. Lahadin farko bayan saukar damina muka shiga sujada, na ga gurbinsa a benci ba kowa. Na ɗauka ba ya jin daɗi ne. Da na ɗaga kai ta taga, sai na hango farar hularsa. Ya ɗauko 'yar kujerarsa ya zauna a waje, gindin darbejiya, ya juya wa bango baya. Iya ta sa aka fara kiɗa, tulu ya ɗauka, kacau-kacau ya ɗauka, ita kuwa ta ƙi buɗe baki, ta zuba mini ido. Mata suka juyo. Ni kuma na sami wata tururuwa a ƙasa na yi ta binta da kallo, har Iya ta gaji ta ba da waƙar da kanta.

Da muka koma gida Babanki ya ce mini, "Baba ya ce a gaya miki ya ba ki wuri. Ya ce in idonsa ne ya hana ki, to ya ɗauke shi."

Ki tsaya ki auna wannan. Dattijon majami'a, mai furfura, ya bar kujerarsa ya koma waje saboda yarinyar da aka auro wa ɗansa. Baƙi da suka zo daga wani ƙauye har tambaya suka yi a asirce, ko wani laifi ya yi aka sa shi ƙarƙashin horo. Bai kula ba. Duk daminar nan a waje ya yi sujada. In hadari ya taso sai ya kifa malafa, ya yafa buhu a kafaɗa, ya matso jikin bango. Kowace Lahadi Iya ta sa a yi kiɗa ta jira ni, kowace Lahadi in sunkuya.

Kin san abin da na ce wa kaina? Wai yanzu ai abin ya fi da muni. Yaya zan tashi in yi waƙa alhali an fitar da tsoho cikin ruwa domina? Sai a ce amarya ta kori surukinta don ta sami filin rera waƙa. An cire mini mayafi ɗaya, na yi maza na yafa wani. Da a ce da gaske kunyarsa nake ji, ai da na tashi tun Lahadin farko don ya dawo inuwa. Gaskiyar da na daɗe ban yarda da ita ba ita ce, kaina nake karewa. Kakata ta wajen uwa zabiya ce kafin bangaskiya ta iso gidanmu, a wuraren biki da shan giya take waƙa, kuma ina tsoron ranar da wata za ta taɓe baki ta ce jikar zabiya ta nuna hali. Ina kuma tsoron muryata ta karye a tsakiyar baiti a yi mini dariya. Tsoro ne da son a gan ni da kyau, na sa musu zanen kunya don su shiga mutane.

Saboda haka in kika ji bakinki yana cewa "ban shirya ba", ki koma gefe ki tambayi zuciyarki, wa nake karewa? In amsar ta fito ke ce, kada ki tsaya yi mata kwalliya. Ki kira abin da sunansa, ki kai wa Ubangiji shi a haka. Ya fi sauƙin warkar da tsoron da aka kira tsoro.

Da kaka ta yi, aka kai amfanin gona majami'a don godiya, kakanki ya ɗauki kujerarsa ya dawo benci. Bai ce mini uffan ba, bai canja mini fuska ba. Da ya zage ni, da na sami abin riƙewa in yi fushi. Shirun nan nasa har yau yana nan a ƙirjina.

Daga nan shekaru suka yi ta tafiya, ni kuma ban taɓa rasa dalili ba. Ina da ciki, bari in haihu. Ina goyo, bari in yaye. Ga cirar gyaɗa, ga tuyar ƙuli-ƙuli, ga yayyenki sun sa ni a gaba. Na kuma ƙirƙiro wata dabara da nake so ki kiyaye ta, don mai kyan gani ce. Na zama ta farko wajen sharar majami'a. Ni ce ɗebo ruwa in za a yi taro, ni ce wankin tukwane, ni ce yaɓen bango. Kowa na cewa Saratu akwai hidima. Shara aikin Allah ce, ban raina ta ba, har gobe ina yi. Amma ni na riƙe tsintsiya ne don kada a miƙo mini abin da aka ce in riƙe. Kamar a aike ki kasuwa sayen gishiri ne, ki dawo da kaya niƙi-niƙi, komai akwai ban da gishirin.

Iya Kande ta daina roƙona. Sai dai duk lokacin ɓarar gyaɗa za ta shigo da ƙwaryarta ta zauna kusa da ni, tana ɓara tana waƙa a hankali, baiti bayan baiti, ta gama ta sake. Ba ta taɓa cewa "koya" ba. Wasu na saurara, wasu kuma hankalina yana kan tukunya. A lokacin ina ganin Iya ba inda za ta.

Shekarar da na haife ki kakanki ya kwanta ciwo. Wata rana da hantsi na dama masa kunu na kai, na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum ina jiran a zo a karɓa. Sai na ji ya ce, "Amarya, shigo." Har ya bar duniya da sunan nan yake kirana, ko da na tara 'ya'ya. Na shiga da rarrafe, ke kina bayana kina barci.

Ya ce, "Zaurena da turminki, danga ɗaya ce tsakaninsu. Tun shekarar da aka kawo ki nake jin ki. Na san wadda kike yi in ruwa ya sauka, na san wadda kike yi in ɗana ya ɓata miki rai." Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ni kam na sha rabona. Jama'ar Allah kika hana nasu."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk ratse hanyar nan, duk sunkuyon nan, ashe mutumin yana zaune yana jin komai, har waƙoƙin habaicin da nake yi wa Babanki.

Ya ce, "Yi mini ɗaya yanzu. Ba danga."

Rahila, waƙar ta taso har maƙogwarona. Na san wadda zan yi masa, na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Baba, kunun zai huce."

Ya ce, "To, miƙo."

Bai ga kakar shekarar ba. An ce da na sani ƙeya ce, to tawa ƙeyar a nan take. Ba ranar da zan dama kunu ban tuna ba. Abin da zan gaya miki a kan wannan gajere ne, don ba na iya tsawaita shi: ba kowane kira ake maimaitawa ba. Allah mai haƙuri ne, ya fi kakanki haƙuri nesa ba kusa ba, amma mutanen da yake aiko ki gare su ba dawwama za su yi ba.

Za ki ce ai daga nan na tashi. Ina! Sai na ce yanzu kuma in na yi, za a ce dama jira take ya mutu. Kin ga yadda zuciya take, ba ta rasa ƙofar gudu.

Kin fara zuwa firamare Iya Kande ta rasu, cikin zafin bazara. Mata suka cika tsakar gidanta kafin a fitar da ita, har da maƙwabtanmu Musulmi da suka zo gaisuwa, suka zauna a tabarmi ta gefe. Iya ta bar wasiyya cewa a raka ta da waƙarta ta tafiya gida. Aka ɗauko tulu, aka fara kiɗa. Mata suka gyara murya, amshi yana bakinsu. Kiɗa ya zaga ya dawo, ba mai bayarwa. Ya sake zagawa. Wannan ta dubi waccan, waccan ta dubi ƙasa. Matar da ta raka gawa da yawa da waƙa, ga tata a shimfiɗe an rasa mai buɗe mata baki.

Hajiya Uwani ce kusa da ni, ta gidan Malam na bayanmu, wadda muke ɗebo ruwa tare tun muna amare. Ta mintsine ni a cinya, ta ce a kunnena, "Saratu, mu da ke bayan gida mun san kin iya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tashi ki sallami tsohuwar nan."

Ban ji wani ƙarfin hali ya sauko mini ba. Haka na miƙe. Baitin farko ya fito a karkace, na ɗauke shi sama fiye da kima:

"In na tafi kada ku neme ni a jeji."

Sai mata suka amsa gaba ɗaya:

"Gida ta je, gida ta je."

Na ce, "Wanda ya kira ni ya san sunana."

Suka ce, "Gida ta je, gida ta je."

Amshin nan ya ɗaga ni kamar yadda ake taya mutum ɗora kaya a ka. Ba wadda ta yi dariya. Baitocin da Iya ta yi ta zuba mini a kan ƙwaryar gyaɗa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, ina yi ina hawaye, har maza suka shigo suka ɗauke ta.

Ga abin da na koya a tsakar gidan nan, kuma shi ne zuciyar wasiƙar nan. Na shekara da shekaru ina jiran ranar da zan ji ina so, ranar da tsoro zai tafi in tashi da sauƙi. Ranar ba ta zo ba, kuma ba ta zuwa. Tashi ake fara yi, son yana biyowa daga baya. Ba kuma ke kaɗai za ki ɗauki waƙar ba, naki ki buɗe baki, akwai masu amsawa. Maganar mutane fa? An yi. Ba a yi wata guda ba wata ta ce jikar zabiya ta gaji kakarta, aka kawo mini har gida. Na ji, na sha ruwa, na ci tuwona. Abin da na ɓata ƙuruciyata ina gudu ke nan, da ya iso bai fi cizon sauro ba.

Sai dai ba duka waƙoƙin Iya na tsira da su ba. Waƙoƙin da na saurara da rabin kunne sun bi Iya. Akwai waɗanda har yau mata suna da amshinsu, ba mai baitin. Wani lokaci a gona wata za ta ɗauko amshin ita kaɗai, ta maimaita, ta yi shiru.

Shekarun da suka biyo baya kin gan su da idonki. Ban taɓa jin daɗin zama a duniya kamar lokacin ba. In na tsaya na ba da waƙa, na ga tsohuwar da ta shigo tana ɗingishi ta miƙe tana taka rawa, na ga wanda ya binne ɗansa cikin makon ya buɗe baki yana amshi, sai in ce a raina, ashe abin da na hana mutane ke nan. Sannan maƙoƙon nan ya fito mini a wuya, ya yi ta girma har numfashi ya fara gagara. Likitoci a Kano suka yi iyakar ƙoƙarinsu, sun kuma gaya mini tun kafin aikin cewa murya tana iya taɓuwa. Suka ceci raina, na gode musu, na gode wa Allah. Muryar ce ba ta biyo ni gida ba.

Ban yi fushi da Ubangiji ba. Shi ya ba ni, bai kuwa ce mini har abada ba ne. Abin da ke cina shi ne, shekarun da na ɓoye ta sun fi waɗanda na yi masa hidima da ita yawa. Ina kewarta, 'yata, kewa irin ta wanda aka yi wa rasuwa. Ran Lahadi in kiɗa ya yi daɗi, waƙa takan taso mini daga ciki da ƙarfinta kamar da, ta iso wuya ta tsaya. Wani lokaci a gona nakan manta in buɗe baki, sai in ji wani abu ya fito kamar ana jan ƙofar kwano. In waiga ko wani ya ji, in ci gaba da tsinkar wake.

Inda kike yanzu ba kamar gida ba ne. Gwaggonki ta ce majami'arsu babba ce, da kayan kiɗa na lantarki da waƙoƙin Turanci, mutum zai shekara yana zuwa ba a san sunansa ba. Can ba mai leƙo ki ta danga, ba mai zuwa ya roƙe ki. Za ki iya zama a bencin baya har ki gama jami'a, ki fito da takardarki, ba wanda zai ce kin yi laifi. Wannan sauƙin shi nake ji miki tsoro. Ki riƙe karatunki da kyau, shi ya kai ki, kada ki ce Inna ta ce a bar littafi a kama waƙa. Amma kada ki mai da karatun abin da na mai da goyo da gyaɗa. In an gama wannan jarrabawar akwai wata, in an gama makaranta akwai neman aiki, sannan aure, sannan ke ma ki ce bari in yaye.

Kada kuma ki ce tsohuwa ta zauna a inuwa tana aika yaro rana. Bari ki ji abin da kika jawo mini. Tun bara Maman Fasto take bina in koya wa 'yan matan majami'a waƙoƙin Iya, ina ce mata da wace muryar? Ashe na koma gidan jiya ban sani ba, da furfurata. Da ina ɓoye murya don tana da daɗi, yanzu ina ɓoye ta don ba ta da shi. Da na gan ki kina murza gyale, sai na ga ba ni da bakin yi miki faɗa. Ranar da muka raka ki bakin titi, motar tana tashi ban nufi gida ba, na wuce gidan Fasto. Na same ta tana tankaɗe, na ce, "Mama, na zo. A tara mini yaran."

Ta ajiye rariya ta ce, "Saratu, da gaske ko da wasa?"

Na ce, "Ki yi sauri kafin in sami dalili."

Ran Laraba da la'asar suka taru. Na buɗe baki, abin ya fito yadda kika san shi. Suka dubi juna, suka ƙunshe baki, ɗaya ta kasa riƙewa ta fashe, sauran suka bi ta. Na tsaya na ji ko zan mutu, na ga ban mutu ba, sai ni ma na kama dariya har da hawaye. Kafin rana ta faɗi sun kama waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe. Muryar ƙofar kwano ma ashe tana da aikin yi.

Amma akwai wadda ta gagare mu, ta godiyar kaka, mai hawa sama a tsakiya. Kalmomin suna kaina duka, na faɗa musu sun haddace. Hawan ne ba na iya nuna musu, maƙogwarona ba ya kai wa can, su kuma ba su taɓa riƙe shi ba. Na gwada da hannu, na gwada da tulu, abin ya ƙi. Na zauna na duba garin nan kaf, masu wannan hawan a ka mu biyu ne, ni da ke. Na ji kina yin sa a bakin rijiya, daidai yadda Iya take yi, ba ki kauce ko kaɗan ba.

Ba umarni nake ba ki ba, an ba ni umarni a da bai yi aiki ba. Roƙonki nake yi. Lahadi mai zuwa, in aka yi sanarwa ana neman masu hidima, ki tashi tun tsoro bai sake ki ba, ki je ki faɗi sunanki da abin da Allah ya ba ki. In kin dawo hutu kuma, ki tsaya a gaban jama'arki ki ba da ta godiyar kakar nan, yaran su ji su ɗauka. Ni zan shige cikin mata in yi miki amshi, a cikin taro ba mai gane muryar wani. Tun da aka yi mini aikin nan, a cikin kaina kaɗai nake jin waƙar, safe da yamma. Ina marmarin in ji ta da kunnena, daga bakin wani, kafin in je inda Iya ta je.

Ubangiji ya kiyaye ki a hanyar makaranta da ta dawowa, ya tsare ki daga ciwo da haɗari da bakin duniya. Ya ba ki abokan kirki, ya sa ki zauna lafiya da kowa, namu da waɗanda ba namu ba. Ya ba ki zuciyar da za ta ce "ga ni" tun da sauran murya. Ya dawo mini da ke lafiya, ina da rai, ina kuma ji.

Ni ce mahaifiyarki mai kewarki,
Saratu